Kawu Malamin Kurame

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma kowa ya nufa, wani da safe wani da yamma. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidanshi na Ƙanƙara, damina ta yi tsakiya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinshi mun dawo.

Jama'a sun zo, ba zan ce ba su zo ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin hanya. Amma na zauna ina sauraren abin da ake faɗi a kanshi, raina yana ta ɓaci. Wani tsohon hedimasta ya ce, "Allah shi jiƙan Malam, mutum ne mai haƙuri." Aka ce amin. Can wani mai shago na unguwar ya sunkuyo ya tambayi na kusa da shi, "Wai shi mi ya karanto a jami'ar nan ne? Na ji an ce likitan kunne ne." Wancan ya ce, "Ina! Bebanci ya karanto." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka tuna gidan makoki ake, wani ya yi sauri ya ja addu'a. Wani abokin aikinshi na da ya dubi katangar ƙasa da ruwa ya zaizaye, ya girgiza kai ya ce, "Da ya bi ta Kaduna lokacin da ake rabon kujeru, da yanzu gidan nan bene ne." Liman kuwa cewa ya yi Kawu bai taɓa rigima da kowa ba. Allah shi gafarta wa Liman, bai sani ba ne. Na ga rigimar Kawu da idona, kuma da yayarshi ya yi ta, uwar da ta haife ni.

Abin da ya hana ni sukuni a kan tabarmar nan ba maganganunsu ba ne kawai. Kwana biyu kafin ya cika, ɓarin jikinshi na dama ya shanye, bakinshi ya rufe. Hannun hagu kaɗai ya rage mashi. Da wannan hannun ya yi ta yin wasu alamu, huɗu ko biyar, yana maimaitawa, idonshi a kaina. Hajiya matarshi ta ce tasbihi yake yi. Ni na san ba tasbihi ba ne, maganar hannu ce, saƙo yake ba ni. Mutum ɗaya ne a duk danginmu zai iya karanta shi, ƙanwata kurma da ke aure a Damari, ita kuwa ko rashin lafiyarshi ba mu gaya mata ba. Ni yayanta, mai digiri, na tsaya ina kallon hannun kamar yadda saniya ke kallon mota.

Saboda haka nake wannan rubutu. Ba na son a rufe zancen Kawu da cewa mai haƙuri ne, a shafa fatiha a watse.

A Pauwa aka haife mu. Ƙanwata tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ba ta sake jin komai ba, 'yar maganar da ta fara yi kuma ta zube a hankali. Inna ba ta zauna kuka ba. Ita da yarinyar suka ƙirƙiro hanyarsu, hannu a baki ruwa ne, yatsu biyu a kai akuya ce, a ja kunne kuwa ni ake nufi, don ni ne mai ƙiriniya a gidan. Suna daka suna hira, suna surfe suna gulmar maƙwabta. Mu sauran 'yan gida mun tsinci alamu biyar ko shida muka ce sun ishe mu.

Lokacin Kawu yana malamin firamare a Faskari. Duk Juma'ar da ya samu sarari sai ya hawo keke ya zo. Ya kan laɓaɓo bayanta ya saki faranti a ƙasa ya ga ko za ta waiwaya. Ba ta taɓa waiwayawa ba, shi kuma bai daina gwadawa ba sai da Inna ta ɓoye farantanta. Mutanen gari suna kiran yarinyar Bebiya. A gaban Kawu dai ba mai faɗin wannan suna ya sha lafiya. Ya kan ce, "Kunne ne ya mutu, yarinya na nan da ranta." In aka ce ai ba ta magana, sai ya ce, "Tana yi. Kai ne ba ka da ido."

Sai kuɗin mai suka zubo ƙasar nan. Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane ba. Malaman makaranta suka riƙa ajiye alli suna karɓar kwangilar gina azuzuwa. Wanda jiya yake aron keke, yau ga shi da babur sabo fil da rediyo rataye a wuya. Gwamnati kuma tana neman malaman da za ta tura jami'a, ci da sha da littafi duk a kanta. Kawu ya samu shiga, yana da mata da 'ya'ya uku. Da aka tambaye shi abin da zai karanta, ya ce ilimin koyar da kurame da makafi da yaran da karatu ke yi wa wuyar shiga. Can Kudu za shi, don a nan kusa ba a yi.

Baba ya ajiye goron da yake ɓarewa ya dube shi.

"Malam, mutane na zuwa jami'a su dawo alƙalai da injiniyoyi. Kai Sarkin Bebaye za ka dawo?"

Kawu ya ce, "In sun yarda su naɗa ni, Alhaji, ai na gode."

Duk hutun da ya dawo, sai ya zo da wani abin mamaki. Ya nuna mani rubutun makafi, 'yan ƙuraje a jikin takarda mai kauri da ake shafawa da yatsa. Ya ba ni labarin na'urar da ake sa wa yaro a kunne a gane ko akwai sauran ji. Ya nuna mani yadda kowane harafi yake da siffarshi a yatsu. Ina sakandare a lokacin, ni kaɗai ke zama in saurare shi, shi ya sa ya ɗauka na kamu. Ya kan lissafa mani ayyukan da ke jiran mai wannan karatu, yana lanƙwasa yatsu: koyarwa a makarantar kurame ko ta makafi, sufeto a ma'aikatar ilimi, horar da malamai a kwaleji, awon ji a asibiti, gidajen koya wa makafi sana'a. Ya ce, "Aikin ya fi ma'aikatan yawa, ɗana. Duk 'yan ajinmu ba mu cika tabarma biyu ba." Ni kuwa ina gyaɗa kai, hankalina yana kan agogon da ke hannunshi.

Da ya gama karatun, aka ba shi kujera a Kaduna, da gida da mota. Ya ce shi aji yake so, kuma a Ƙanƙara. Jami'in da ya karɓi takardunshi ya juya su sama ya juya su ƙasa, ya rasa a wane layi zai rubuta shi. Daga ƙarshe aka ba shi wani ɗaki a bayan wata firamare, inda ake jibge karyayyun bencina. Shi da kanshi ya kwashe su, ya shafa farar ƙasa, ya fasa taga ta biyu, don ya ce kurma da haske yake ji. Sannan ya hau babur ya bi ƙauyuka yana roƙon iyaye. Wani ya ce wa zai yi mashi kiwo. Wani ya ce shi ba shi da kurma a gida, alhali ga yaron a bayan rumbu yana leƙe. Da ƙyar ya haɗa shida. Ta shidan ita ce ƙanwata, tana da shekara goma sha ɗaya, Inna ta ba shi ita tana share hawaye da bakin zane.

A nan ne Kawu ya yi kuskurenshi, kuma zan faɗe shi, don shi ma ya faɗa da bakinshi daga baya. Ya kafa doka a ajin cewa ba a yin alamun gida. Abin da aka koya mashi a jami'a ke nan, wai in an bar yaro da na gida ba zai kama na makaranta ba. Yaro ya ɗaga yatsu biyu a kai yana nufin akuya, Kawu ya kama hannun ya sauke, ya nuna mashi ta littafi. Ya kan ce, "Wancan ba harshe ba ne, nune-nune ne." Ƙanwata tana da kai, Allah ya sani. Cikin shekara biyu hannunta ya fi bakin mai ji sauri. Ta san kwanakin mako, ta san jiya da gobe da "da a ce", abubuwan da ba ta taɓa samun yadda za ta faɗa ba.

Ranar da ya kawo ta gida hutun kaka ina nan. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta dafa ƙirjinta sau biyu, alamarsu ta da, wadda ke nufin zo wurin uwarki. Yarinyar ta dubi Kawu, kunya ta kama ta. Ta matso ta kama hannun Inna ta sauke shi, ta gyara mata yatsu yadda ake yi a aji. Sannan ta juya ta zuba wa Kawu wata doguwar magana, su biyu suka yi dariya.

Inna ta ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce kin rame, Yaya."

"To ta faɗa mani mana. Shekara bakwai muna magana ni da ita, wa ya taɓa yi mamu tafinta?"

"Yaya, wancan ba zai kai ta ko'ina ba. Wannan shi ne ake yi a duniya."

"Ni ba a duniya nake ba, a Pauwa nake!" Inna ta jefar da ludayin. "Ciwo ya ɗauke mata kunne ya bar mani ita. Kai ka zo da digirinka ka kwashe sauran."

"Ki koya, zan koya maki. Wata uku ya isa."

"Da furfurata zan zauna a koya mani yi wa ɗiyar da na haifa magana? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Shekara guda cur Inna ba ta amsa gaisuwarshi ba, man shanun da take aika mashi duk kaka ma ta hana. Yarinyar dai ba ta hana ta komawa ba, don ta ga yadda take ɗokin ajin. Daga baya alamun gida sun dawo tsakaninsu, na aike da na girki, amma hirar nan ta bakin turmi ba ta dawo ba. Ƙanwata ta riga ta saba da magana mai faɗi, ta Inna ta yi mata ƙunci, Inna kuma ta gane haka, sai ta ja jikinta.

Yanzu sai nawa laifin. Shekarar da zan nemi jami'a, Kawu ya sayo takardar neman shiga, ya zaunar da ni ya cike ta da hannunshi. A gurbin abin da za a karanta ya rubuta irin nashi. Ya ce, "Ka ga ni kaɗai ne. Sauran yaran nan za su watse, kowa da garinsu. Ranar da na faɗi, ƙanwarka za ta sake kurmancewa. Ina son a samu na biyu a cikin dangi." Na ce to, Kawu. Ya ba ni takardar in kai gidan waya a Funtuwa. A bakin gidan wayar na tsuguna, na goge abin da ya rubuta da reza, na sa fannin mulki. Kowa ya san masu wannan karatu tun kafin su fito ake ajiye masu mota. Ni ban ga abin da zai sa in ƙare a ɗakin karyayyun bencina ba. Ban ma ji kunya ba a ranar, wallahi, har tsire na saya a tasha.

Da takardar samun gurbi ta zo, shi na kai wa, don ba yadda zan yi. Ya karanta sau biyu. Ya ninke ta yadda take, ya miƙo mani ya ce, "Allah shi sa albarka." Ya shiga ɗaki ya fito da akwatin ƙarfen da ya yi jami'a da shi ya ba ni. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Na ce, "Kawu, in na dawo hutu zan zauna ka koya mani hannun." Ya ce to. Hutu ya zo ya wuce, na yi aure, na samu motar, na yi aiki a ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kullum ina cewa sai an samu sarari. Bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Kuɗin mai suka janye kamar yadda suka zo. Abu na farko da aka fara yankewa shi ne ajin Kawu. Aka ce ana bukatar ɗakin, yara shida ba su isa a ware masu malami mai digiri ba. Ya yi ta rubuta takardu, ya yi ta hawa mota zuwa ofisoshi, ana ce mashi ya dawo wani mako. Daga ƙarshe aka maida shi ofishin ilimi a Faskari, yana raba alli da rajista. Abokan karatunshi kuwa, wani ya zama darakta, wani yana horar da malamai a kwaleji, wani muna ganinshi a gefen talabijin yana fassara labarai da hannu. In Kawu ya gan shi sai ya matso kusa da akwatin talabijin ɗin, ya ce, "Ka ga, har yanzu yana haɗiye ƙarshen magana." Yaran shida suka watse yadda ya faɗa. Biyu sun rasu da ƙuruciya, ɗaya ya tafi Legas ɗinki ba a sake jin ɗuriyarshi ba, biyu suka koma kiwo a ƙauyukansu, hannun ya bushe don ba abokin yi. Rubutun da ƙanwata ta fara koya na Turanci ne, sunayen abubuwa, shi ma shekaru suka cinye shi.

Akwai abin da in na tuna nake dariya ko a cikin wannan baƙin ciki. Wani manomi daga Damari ya ga ƙanwata a gidan biki ya ce yana so. Baba ya ce alhamdu lillahi, a sa rana. Kawu ya ce ba a sa komai sai an ji ta bakinta. Baba ya ce wane bakin? Kawu ya ce na hannu. To ta yaya saurayi zai yi zance da ita? Sai ga Kawu da kanshi, da girmanshi da gemunshi, yana zaman zance a zaure tsakanin ɗiyar yayarshi da manemi. Kunya kamar ta kashe shi, ga shi ba damar kau da kai, don in ya kau da ido maganar ta wuce. Bawan Allah ya ce yana son ta, Kawu ya juya ya faɗa da hannu yana zufa. Ita kuwa ba ta da kunyar tambaya. Gonarka nawa? Uwarka tana da faɗa? Za ka bar ni in riƙe awakina? Wata uku ana wannan kafin ta ce ta yarda, da sharaɗi ɗaya, a bar Kawu ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata.

Bai taɓa fashi ba, sama da shekara ashirin. Daga Ƙanƙara ya bi ta Faskari ya gangara ƙasar Sabuwa a kan tsohon baburin nan, rani da damina. In ya isa sai a shimfiɗa masu tabarma a rumfa, daga azahar har rana ta yi sanyi hannuwa na tashi. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kawo ƙarar miji da ta 'ya'ya, ta tambayi hukuncin azumi da na gado. Maganar wata guda take tarawa ta juye mashi. Mijinta, mutumin kirki, ya taɓa ce mani, "Alhaji, in Malam ya zo sai in ga ashe matar tawa sarkin surutu ce. Mu a gida sai dai kawo, kai, zo, tafi." Na yi dariya a lokacin, ban ji abin da ke cikin maganar ba.

Ranar da Inna take jinyar ajali, Kawu ne ya zauna a bakin gado yana fassara tsakaninta da ɗiyarta. Suka yafi juna ta hannunshi. Da muka fito ya jingina da bango, na ga idonshi ya yi ja. Ya ce, "An koya mamu yadda za mu ba su harshe. Ba wanda ya ce mu tambaya ko suna da wani a gida. Da na sani da hannun Yaya na fara, in ɗora nawa a kai. Da yanzu gidan nan kowa na maganar hannu." Ban taɓa jin ya ce da na sani ba sai ranar.

Da ciwon nan ya buge shi, Hajiya ta ce a aika Damari. Ni na hana. Na ce kada a ɗaga mata hankali, hanya ta lalace da ruwa, a bari ya ɗan ji sauƙi tukuna. Haka muke yi ai, muna ɓoye wa mutum ciwon ɗan'uwanshi don tausayi. Na tsaya a kanshi kwana biyu yana yi mani magana da hannu ɗaya, ina cewa sannu Kawu, sannu, za ka tashi. Ya dube ni, ya sake yi a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Har hannun ya gaji ya kwanta a kan zane.

Allah shi jiƙanka, Kawu. Allah shi sa ka tarar da waɗanda ka koya wa sunanSa da yatsu suna jiranka. Mu da ka bari, Allah shi yafe mamu abin da muka yi maka da wanda muka ƙi yi.

Bayan an dawo daga maƙabarta na buga wa mijinta waya. Ya yi salati, sannan ya ce, "Alhaji, ni ban san ta inda zan fara ba. Kai ne yayanta, ka zo." Washegari da sassafe na kama hanya.

A mota na yi ta shirya abin da zan ce. A wurinmu ba a faɗa wa mutum mutuwa gaba ɗaya. Sai a ce jikin wane ya matsa, ana neman ki, a bar zuciya ta isa wurin da kanta kafin ƙafa ta isa. Sai da na shiga gidan na tuna ba ni da alamar "ya matsa", ba ni da ta "ana neman ki", ba ni da ta "haƙuri". Na same ta a tsakar gida tana ba awaki dusa, mace mai jikoki, furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali. Ta gan ni a tsakiyar wata, ni da ba na zuwa sai da dalili. Ta leƙa bayana. Na kama kan babur a iska na murɗa, ta gyaɗa kai, ta gane Kawu nake nufi. Sannan na kwantar da kumatu a tafin hannu na kifar da hannun ƙasa. Alamar da Inna ke yi ke nan in dabba ta mutu a gida. Da ita na gaya wa ƙanwata rasuwar Kawu, don ita kaɗai gare ni.

Kwanon dusar ya faɗi. Ta yi wani ƙara da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, ita kuma ba ta ji shi ba. Mata suka fito suka riƙe ta.

Da ta ɗan lafa, na kira babbar ɗiyarta, mai goyo a baya, na ce ta taimake ni da 'yan alamunsu na gida, a nuna mata cewa ya bar magana, da hannu ya yi ta, kuma na gani. Da ƙyar muka isar da wannan. Ƙanwata ta share fuska da sauri. Ta jawo tabarma ta zauna a gabana, gwiwa da gwiwa, ta kama wuyan hannuna na hagu ta ɗaga, ta buɗe ido sosai.

Na yi abin da na tuna. Yatsa a haɓa, dunƙulen hannu a ƙirji yana zagayawa, sannan tafi a buɗe ana jawo shi. Ta ɗaure fuska, ta nuna in sake. Na sake, sai na ga na biyun bai yi kama da na farko ba. A na uku na rasa wanne ke gaba, haɓa ko ƙirji. Wasu alamun ma hannu biyu suke so, shi kuwa da ɗaya ya yi su, rabin magana na gani, rabin kuma na zubar a hanya. Sai ta karɓi aikin. Ta yi wata alama mai kyau, tsaf, ta dube ni, wannan ce? Na ce kamar ita ce. Ta yi wata dabam, ko wannan? Ita ma kamar ita ce. Ta yi ta kawowa ɗaya bayan ɗaya, duk abin da take fatan ya ce mata tana jerawa a gabana, ni ban san ma'anar ko ɗaya ba.

Ɗiyarta ta sunkuyo ta raɗa mani, "Kawu, don Allah ka ce e kawai."

Sai da na waiga. Na manta ni ma Kawu ne a gidan nan.

Ta sake yin wata, na gyaɗa kai da ƙarfi, na ce ita ce, ita ce. Ƙanwata ta tsaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta fuska ba a yi mashi ƙarya da fuska. Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta sauke hannuna a kan gwiwata a hankali, ta saki.

Muka zauna haka, awaki na cin dusar da ta zube. Can ta taɓa kafaɗata. Ta haɗa yatsu ta kai baki, ta ɗaga gira, ka ci abinci? Wannan kam na gane. Na girgiza kai, ta tashi ta shiga madafa.